Jan Hatimi

Kakana Tanimu ya haƙa kuza a Bukuru
shekara talatin da ɗaya, da diga da kwanon kai.
Bai taɓa sanin inda take zuwa ba.
Jirgin ƙasa ke ɗauka, ya yi kuka, ya ɓace.
Gadon da aka bar masa tari ne,
da koren tafki mai cin yara.

Yau ga ta a hannuna.
Ta dawo a naɗe kamar zaren saƙa,
siririya, da sunan wani kamfani a jikinta.
Ina narka ta a bakin ƙarfe mai zafi,
ina liƙa hanjin mitar lantarki
a masana'antar da ke hanyar Zawan.

Ranar buɗewa an yanka ƙyalle, an raba lemo,
aka ce: mun kawo muku fasaha, ku karɓa.
Muka tafa har tafinmu ya yi ja.

Wata shida ana koya mana.
Na iya ɗaure noti ido a rufe.
Chundung kan ji lahani da kunne
tun allo bai ankara ba.
Littafin koyarwa shafi ɗari biyu ne,
sai dai daga tamanin
yakan yi tsalle ya dira a ɗari da goma sha ɗaya.
Na tambayi injiniyan da suka turo,
mutumin kirki, mai son gasasshen dankali,
wanda ya iya sannu da aiki.
Ya sosa gemu, ya dubi silin:
wannan na hedkwata ne.

A cikin babban injin akwai baƙin akwati,
bai cika tafin hannu ba,
an danne bakinsa da jan hatimi.
Ka ɓalle, yarjejeniya ta tashi.
Rijiyar tana tsakar gidanmu,
gugan yana ƙetaren teku.

Wata Laraba injin ya yi shiru.
Mu saba'in muka zauna kan kwalaye
kwana goma sha tara,
muna jiran mutum ɗaya ya samu biza.
Ya zo da 'yar jaka, ya ce mu fita mu sha iska.
Kafin shayina ya huce ya gama.
Tsohon akwatin ya wurga a kwandon shara
kamar ɓawon gyaɗa.

Ban ce na yi sata ba.
Shara ce, na kuma iya shara.

Asabar na kai shi Dilimi,
rumfar Sallau mai gyaran rediyo,
wanda bai gama firamare ba
amma matattun kaya ke tashi a hannunsa.
Ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya,
ya ɗaga hatimin da tsinken sakace.

Ba aljani a ciki.
Wani abu ne ya ƙone, bai kai ƙwayar wake ba,
Sallau yana da irinsa cikin gwangwanin madara.
Sauran kuwa tituna ne ƙanana, azurfa-azurfa,
duk da kuza aka shimfiɗa su.
Na ce: Kaka, ashe nan take zuwa.

Ba zan yi ƙarya ba, ba mu gane duka ba.
Akwai rubutun da ke kwance cikin ƙwaƙwalwarsa,
ba ya karantuwa da tabarau.
Chundung ta ce ƙaninta na jami'a zai gwada.

Yanzu kowace Asabar, in ruwa bai tsuge ba,
mukan haɗu mu huɗu ƙarƙashin kwano mai yoyo,
da littafin rubutu na 'yan makaranta.
Shafi talatin suka cire.
Mun rubuta huɗu,
na biyar Sallau ya ce akwai kuskure.